Akwatunan Malam a Firizar 'Yan Hoki

Ni ne na tsare raga ranar da muka ci jami'ar da ke tsallaken titi, kuma har yau hotona yana rataye a ginin wasanni, na ɗaga kofi bakina har kunne. Duk wanda ya zo mini ziyara daga gida sai na kai shi ya gani. Ɗakin da ke bayan bangon hoton ne ban taɓa buɗe wa kowa ba, kuma a nan firizar take.

Hoki tun a makarantar kwana na koye shi, ba don ina so ba. Malamin wasanninmu yana da wasu sanduna masu lanƙwasasshen kai da ba wanda ya san inda ya samo su, kuma duk wanda ya ƙi ɗauka sai ya yi noman filin. Mutum sha ɗaya ne kowane ɓangare, ana korar wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Da na zo Doha yin digiri na biyu sai na tarar jami'armu tana da ƙungiya, yawancinsu 'yan Pakistan da Indiya, kuma babu mai son tsayawa a raga ƙwallon nan ta fasa masa baki. Ni kuwa da ma ba wata fuska gare ni da zan yi asararta ba. Na ce a ba ni kayan.

A unguwar Bin Omran muke zaune, mu huɗu a gida ɗaya: ni, da wani direba, da wani mai gadi, sai Malam. Malam muke ce masa dukanmu, don a gida malamin jami'a ne, kuma ya ba ni shekara goma sha biyar ko fiye. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu ya zo yin digiri na uku. Mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ce maka sannu. Wallahi tun a watan farko halin nan nasa yake ba ni haushi.

Aikinsa na ƙasa ne. A garinsu kanwa ta fara cin gonaki, fari ya fito a saman ƙasa, gero ya ƙi tashi. Ya ce akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune a saiwar tsiro suna taimaka masa ya jure gishiri, kuma a gonakin Umm Salal, inda ruwan rijiya ma gishiri-gishiri yake, akwai su. Kowace Asabar yakan hau bas ya tafi, ya dawo da ƙasa a farce da jaka cike da saiwoyi. Shekara uku ya yi yana tacewa, yana reno, yana zuba waɗanda suka yi kyau a 'yan kwalaben roba da ba su fi ɗan yatsa ba. Suka cika akwatunan kwali shida. A daskare ake ajiye su, in suka narke suka ji ɗumi sun mutu ke nan. Hutun karatun da jami'arsa ta ba shi saura shekara ɗaya, an kuma rubuto masa cewa babu ƙari. Digirinsa duka yana cikin akwatunan nan shida, su kuma suna cikin wata tsohuwar firiza a ɗakin gwaji, mai gurnani, wadda ake ɗaure ƙofarta da igiyar roba.

Gabar da ke tsakaninmu da na tsallaken titi kuwa ba ta da wani tushe. Jami'o'in biyu duka na girme su ko mun zo sa'a. Su shuɗi suke sawa, mu ja, kuma sau ɗaya a shekara ake karawa. Shekara da shekaru suna cin mu. Duk ranar da suka ci, washegari sai mu tarar da kwalin takardar share hawaye a ƙofar jami'armu, an ɗaure shi da shuɗin ƙyalle. Masu shara suke kiranmu, wai ba ma wasa, filin muke sharewa da sanduna. Mu ma mukan je mu shafa wa duwatsun wurin ajiye motocinsu jan fenti, amma wanda ake ci ba ya jin daɗin fenti.

Akwai wani attajiri ɗan ƙasar da ɗansa ya yi karatu a wurinmu. Ɗan baffansa kuma na tsallaken titi yake goyon baya, kuma an ce duk shekara sai ya yi masa shaƙiyanci a majalisa a gaban mutane. Sai aka wayi gari attajirin nan ya ce zai ba jami'armu gudummawa mai kauri, amma zai zo da kansa ya zaga ya ga inda ake da buƙata. Aka zaɓi ɗalibai uku su raka shi tare da manyan jami'a. Ina cikinsu, don ina da baki kuma ina da kwat.

Farfesar da ke duba aikin Malam wata Baturiya ce mai gajeren haƙuri, kuma ranar tana wani taro a waje. Kafin ta tafi ta kama Malam ta ce masa, in mutumin ya shigo, ya nuna masa firizar, ya nuna masa igiyar, ya ce sabuwa suke so. Abin da aka ɗora masa ke nan, babu ƙari.

Muka shiga ɗakin gwajin da hantsi. Malam yana tsaye cikin farar riga, ya goge takalmi, ya rusuna ya ba da hannu biyu. Attajirin ya ji daɗin gaisuwar, ya tambaye shi ƙasarsu, ya tambayi aikinsa. Malam ya yi bayani mai kyau, har mutumin ya ce masha Allah. Sannan ya ce, “To, me kuke buƙata a nan? Akwai abin da ya dame ku?”

Firizar tana bayan Malam tana ta gurnaninta, igiyar tana reto.

Malam ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Ya ce, “Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Komai lafiya. Ana kula da mu sosai, mun gode.”

Na san abin da yake yi. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya sani. Babba ba ya tambayarka buƙatarka ka zazzage masa a karon farko kamar wanda da ma jira yake. Za ka ce lafiya lau. Shi kuma zai ce, a'a, faɗa mini dai. Ka ce wallahi babu komai. Ya ce haba, ai ni ne. A nan ne za ka sosa ƙeya ka ce, to, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Malam ya yi nasa kason, ya tsaya yana jiran attajirin ya yi nasa.

Attajirin ya ce, “Alhamdu lillahi. Yalla, mu je.” Ya juya, muka bi shi.

Na waiwaya a bakin ƙofa na ga Malam bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ɗaya ya fara ɗagawa wajen firizar. Kalma ɗaya zan faɗa a dawo. Ban faɗa ba, don na san inda za mu je daga nan.

A filin wasa kyaftin ɗinmu, wani ɗan Pakistan da bai san kunya ba ko a mafarki, ya zaro takarda daga aljihu. Filin ya tsufa, ƙwallo tana tsalle. Babu inuwa ga 'yan kallo. Babu wurin sanyaya jiki bayan horo, ga su can tsallaken titi har kwamin ƙanƙara gare su. Da ya ambaci tsallaken titi sai na ga fuskar attajirin ta canza. Ni ma na tsoma baki, na ɗaga hular da nake tsare raga da ita na nuna masa inda ta tsage. Attajirin ya kama ta ya jujjuya ta ya ce, “Da wannan kake tsayawa a gabansu? Khalas, an gama.”

Kafin shekara ta zagayo mun sami sabon fili, da rumfar 'yan kallo, da gini mai ɗakin tausa da kwamin ƙanƙara uku, da firiza fara sol wadda mutum biyu za su kwanta a ciki. Ni aka sayo mini kaya daga kai har ƙafa. Sashen su Malam aka kai musu hoton ziyarar a cikin gilashi, ga Malam nan a rusune yana ba da hannu biyu. A saman tsohuwar firizar aka rataye shi, don nan ne kawai ake da ƙusa.

Ban raga wa Malam ba. Da yamma in mun zauna cin abinci a faranti ɗaya, sai in miƙe in riƙe hannuwana a ƙirji in langaɓar da kai in ce, “Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, firizarmu ma lafiyarta ƙalau, waƙa take mana.” Direba ya yi ta dariya har shinkafa ta sarƙe shi. Mai gadi yakan ce, “Kai, ka ji tsoron Allah, Malam ne fa,” amma shi ma dariyar yake. In wani ya ce gishiri bai ji a miya ba, sai in ce a tambayi Malam, zai ce ya ji. In ruwa ya ɗauke, a tambayi Malam. Na mayar da shi abin nishaɗin gidan wata da watanni.

Sau ɗaya kawai ya amsa. Ya ajiye cokali ya ce, “Ƙanena, na ɗauka zai sake tambaya.”

Na ce, “Malam, nan Doha ce. Sau ɗaya ake tambaya, shi ma don an ga dama. Shekara uku kana nan ba ka gane ba? Me kuke koya wa yara a jami'ar taku?”

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci. Na ji daɗin maganar a lokacin, ba zan yi ƙarya ba.

Mako biyu kafin karawar shekarar, firizar ta yi shiru. Aka kira masu gyara, suka ce sai an aiko da wani ƙarfe daga waje, in sha Allahu mako uku. Farfesa ta bi sassa tana neman wuri, kowa ya ce tasa a cike take. Aka cusa kayan ɗaliban da suka fi iya hayaniya a nan da can, na Malam kuwa aka zuba masa a kula da ƙanƙara aka ce ya ɗan jira.

Da azahar ya same ni a ginin wasanni ina ɗaura kayan ƙafa. Ya gaishe ni. Ya tambayi horo, ya tambayi gida, ya tambayi jikin mahaifiyata da ta yi zazzaɓi wata biyu da suka wuce. Ga kula a hannunsa tana ɗigar da ruwa a kan sabon daɓenmu. Na bar shi ya gama zagayensa tsaf, don mugunta, ina kallon kular. Sai da ya rasa abin tambaya sannan ya ce, “Na ce ko firizar nan taku tana da ɗan wuri.”

Na ce, “Au, ashe ba komai ne lafiya ba?”

Ya yi murmushi, murmushin da ba na so.

Na buɗe masa. Muka sa akwatunan shida a baƙar leda, muka tura su can ƙasa a kusurwa, muka jera buhunan ƙanƙara a kai. Ya ce sanyin bai kai yadda ake so ba, amma zai riƙe su mako uku in dai ba a fitar ba. Ya maimaita, in dai ba a fitar ba. Ban gaya wa koci ba, don na san amsarsa. Malam ya yi ta sa mini albarka har na gaji na ce ina da horo.

Ranar karawa Asabar ce, wasan bayan la'asar, kuma zafin shekarar ya shigo da wuri. Tun hantsi ginin ya cika. Wajen sha ɗaya sai ga mota daga gidan attajirin, an aiko da askirim na walimar cin nasara, tire-tire, kowanne an yi shi ja da siffar kofi. Mutumin bai ma yarda za a iya cin mu ba. Aka buɗe firiza za a jera, wuri ya ƙi isa. Koci, wani gajeren mutum da ba ya magana sai da tsawa, ya sa a kwashe komai. Ya jawo baƙar ledar ya ce, “Wannan fa? Na wane ne?”

Na ce na wani ɗan'uwana ne, kayan bincike ne.

Ya ce, “Bincike a firizata? Yau? Fitar da shi. Yalla, yalla!”

Da na tsaya na ce masa a'a, da ƙila ya yi tsawa ya haƙura, don ba shi da wani mai tsaron raga. Tire biyu kawai za a rasa wa wuri. Amma ranar tawa ce, attajirin zai zauna a rumfa, kuma ba na son a ce ni na sa askirim ɗinsa ya narke. Na ɗauki ledar na fita bayan gini na kira Malam a waya. Yana Umm Salal kamar kowace Asabar, ina jin ƙarar injin ban-ruwa a bayansa.

Ya fara gaisuwa, na katse shi. Na ce, “Malam, an matsa mini a kan wurin nan. Zan fitar da kayanka in sa a kula da ƙanƙara zuwa a gama wasa. Akwai matsala?”

Ya yi shiru. Na ji injin yana ta bugawa. Sannan ya ce, “To. In dai zai jawo maka magana, ai ba komai.”

Na san me wannan ke nufi. Attajirin bai sani ba, shi ba a gidanmu ya tashi ba, ba shi da laifi. Ni kuwa da wannan harshen aka yaye ni. Na ji shirun da ya yi, na ji “to” ɗin da ya ja, na ji yadda ya ɗora maganar a kan tawa damuwar. Yana jira ne in ce, a'a Malam, tsakaninka da Allah, in zai lalace faɗa mini. Shi kuma ya ce, to, gaskiya da an bar su. Tambaya ɗaya ce ta rage, kuma na san amsarta, shi ya sa ban yi ta ba.

Na ce, “Yauwa, na gode Malam. Ka yi mana addu'a.” Na kashe wayar.

Na zuba akwatunan a wata jar kula, na cika ta da ƙanƙara, na rufe, na ajiye a inuwar gini. Jar kula ce irin ta ƙungiya, muna da su bakwai ko takwas iri ɗaya. Ban rubuta komai a kai ba. Wani ya ɗauke ta tare da sauran ya kai gefen fili, kuma ina cikin raga na hango ta, a rana, murfin a buɗe, 'yan wasanmu suna ɗibar ƙanƙara da hannu suna zubawa a wuya. Na gane ta don bakin baƙar ledar ya leƙo. A hutun rabin lokaci na wuce ta gabanta. Koci yana magana, sai na tsaya na saurari koci.

Wasan kam mun yi shi. Ɗaya da nema muke ci har saura minti uku, sai aka ba su bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wani dogo ya zo ya tsaya, rumfarsu tana ihun masu shara, masu shara. Ya ɗaga ƙwallon sama ta hagu, na kai hannu, ta daki sabuwar safar hannun da attajirin ya saya mini ta fita waje. Kai, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake ji ba. Aka ɗaga ni sama. Attajirin ya sauko da kansa ya sumbaci goshina. Yaranmu suka ɗauki kwali biyu na takardar share hawaye suka tsallaka titi da gudu. Aka fito da askirim, ko gefensa bai narke ba, na sha biyu.

Ana kiran magariba Malam ya iso. Bas biyu ya hau, ga ƙasa a gwiwar wandonsa. Bai neme ni ba, kulolin ya bi ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa. Na same shi a tsugune a gaban tasa. Ƙanƙarar ta zama ruwa, ruwan ma ya yi ɗumi. Kwalayen sun jiƙe sun buɗe, 'yan kwalaben suna yawo a sama tare da bawon lemo da wata safa da wani ya jefa. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, ya riƙe ta a tafinsa ya ji ɗuminta, ya mayar.

Ya ɗago ya gan ni da lambar yabo a wuya. Ya ce, “Barka. Na ji an ce kai ka tare.”

Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Malam, kai fa ka ce ba komai.”

Ya ce, “Haka ne. Ni na faɗa.”

Ya tsince kwalaben duka, har waɗanda suka faɗo a ciyawa, ya zuba a ledar. Ya zubar da ruwan, ya ɗauraye kular a famfo, ya kife ta tare da sauran don kada a ce ya ɓata mana kaya.

Mako shida ya yi yana ƙoƙarin tayar da su a ɗakin gwaji. Ƙarfen firizar ya iso, aka gyara, ta ci gaba da gurnani babu komai nasa a ciki. Daga cikin akwatuna shida abin da ya farfaɗo bai isa a rubuta babi ɗaya ba. Farfesa ta rubuta wa jami'arsa ta roƙi ƙarin lokaci, aka ce an riga an faɗa. Bai gaya wa Farfesa yadda aka yi ba, cewa ya yi kuskurensa ne. A gida ma bai gaya wa kowa ba. Direba ya taɓa cewa in yi musu “ranka ya daɗe” ɗin nan su yi dariya, na ce masa ya rufe mini baki.

Ranar da zai tafi da safe ne. Direba ya kawo mota ƙofar gida, na riga kowa ɗaukar babbar jakar na kai but ɗin motar. Littattafansa ya bar wa masallacin unguwa, farar rigar aikin kuma ya ninke ta ya sa a sama. Ya yi sallama da mai gadi, ya yafe wa kowa, ya nemi a yafe masa. Ya zo kaina ya ba ni hannu.

Na ce, “Malam, akwai abin da kake buƙata in yi maka?”

Ya ce, “Babu komai, ƙanena. Na gode.”

Na riƙe hannun na ce, “A'a, Malam, faɗa mini dai.”

Ya ce, “Wallahi babu.”

Na ce, “Haba Malam, ai ni ne. Tsakaninka da Allah.”

Ya tsaya ya dube ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi mini ba a shekara biyun da muka zauna tare. Babu murmushin. Ya zare hannunsa a hankali.

Ya ce, “Ashe ka iya.”

Ya shiga gaba ya ja ƙofa, direba ya tayar da mota.